Rasuwar Kwamfutar da Ta Binne Kamfani Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu goma da suka rasa abin dannawa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da tsofaffin abokan aiki, har da masu zuba jarin da suka daina ɗaukar wayata, cewa kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta riga mu gidan gaskiya. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi, a kan teburin cin abincin gidanmu, bayan doguwar jinya wadda ta sha ba tare da ta ɗaga wa kowa hankali ba, in ban da ni. Ta rasu tana da shekara goma sha wani abu, wanda a jinsinsu tsufa ne tukuf. Ni mai wannan sanarwa ni ne mai ita. Sana'ata rubuta manhaja, na ba shekara arba'in baya da ɗan tazara, kuma a waya nake danna wannan rubutu da babban yatsa, don haka wanda ya ci karo da kuskure ya yi mini uzuri.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai nisa da ban taɓa takawa ba. Ta iso hannuna a cikin kwali, a makon da na ajiye aikin albashi na ce ni ma zan kafa kamfani nawa na kaina. A lokacin kaina baƙi ne wuluk, bakina kuma ba ya rufuwa. Na gaya wa mahaifina cewa nan gaba kaɗan ni zan riƙa ɗaukar mutane aiki. Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya ce Allah ya sa. Ranar ban ji daɗin yadda ya ja maganar ba, har na kai ƙararsa wurin mahaifiyata.

A ofis ana kiranta Jirgi. Idan aiki ya yi mata nauyi fankarta takan ɗauki wani kuka, fuuuuuu, sai ka rantse tashi za ta yi ta bar mu a ƙasa. Ba ta taɓa tashi ba, mu ma haka. Amma duk baƙon da ya shigo ofis sai ya waiga ya tambayi abin da ke ƙara, mu kuwa sai mu ce masa aiki ne ke tafiya.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. Mutanen sana'armu ba ma kashe kwamfuta, domin kullum akwai tagogin aiki rututu a buɗe a fuskarta da muke rantsuwa za mu koma musu gobe. Ni kuwa na zarce kowa, ko barci na hana ta, na saita ta yadda ko an kifa murfin ba ta runtsawa. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Ta sha shayi sau da dama ba da son ranta ba, ta ci ɓurɓushin burodi har madannanta suka riƙa ƙas-ƙas. Madannin gogewa shi ne ya fara sulɓi, rubutun kansa ya ɓace tun shekarun farko, wanda ya isa ya gaya wa mai hankali irin aikin da muke yi ni da ita. Ta faɗo daga kan kujerar mota, ta faɗo daga kan gado, wata rana ƙaramin ɗana ya zauna a kanta yana kallon talabijin. Duk ta tashi ta ci gaba da aiki, da ɗan tabo a kusurwa.

Mai rufin asiri ce ƙwarai. Ita kaɗai ta san yawan amsoshin da suka zo mini suna farawa da yabo suna ƙarewa da "amma". Ita ta ga jawabin da na shirya don ranar da za a kira mu a ba mu lambar yabo, na gyara shi ya fi a ƙirga, ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Idan na buga mata hannu don fushin abin da ni na ɓata, sai ta yi ɗan shiru, sannan ta nuna mini layin manhajar da kuskuren yake.

A rayuwarta ta halarci haihuwar kamfani uku, ta kuma halarci binne su. Tambarin kowanne yana manne a bayanta, sabo a kan tsoho, har wurin ya yi tudu. Duka ukun tare muka yi su da abokin tafiyata, wanda muke ce wa Sanƙo tun kafin gashin ya gama tafiya. Shi ma mai rubuta manhaja ne, amma ya fi ni iya magana a gaban masu kuɗi, ni kuma na fi shi zama wuri ɗaya.

Na farko na aiken kaya ne a kan babur. Mutum ya danna waya, mai babur ya zo ya ɗauki saƙo ya kai. Mun yi wata da watanni muna gyaran taswira, ashe masu babur da masu kaya sun karɓi lambobin juna tun a aiken farko, suna ta harkarsu a bayan idonmu. Ban ga laifinsu ba, in ni ne ma haka zan yi. Na biyu na darasin yara ne a waya. Iyaye suka yi ta sa mana albarka, suka sauke manhajar, wasu har hoto suka ɗauka da mu. Yaran kuwa suka gano inda ake dannawa a tsallake darasi a kai ga wasan da muka ajiye a ƙarshe, suka koya wa junansu kafin mu farga. A nan ne sauran gashin Sanƙo ya ce ga garinku.

Na uku shi ne ɗan lelena, kuma shi ya kawo mu ga wannan sanarwa. Manhaja ce mai tuna wa marar lafiya lokacin shan magani. Idan lokaci ya yi wayarsa ta yi ƙara, in ya sha sai ya danna "Na sha", ɗansa ko 'yarsa da ke wani gari su gani, hankalinsu ya kwanta. Ban taɓa rubuta abin da ya kai shi kyau ba, kuma ina faɗa ba tare da kunya ba. Masu zuba jari suka tafa mana, suka ce mu dawo idan mutane sun taru. Mutane ba su taru ba. Waɗanda suka sauke ta suka yi 'yan kwanaki suna dannawa, daga nan suka koma dogara da 'ya'yansu mata, waɗanda ba sa buƙatar intanet kafin su tuna wa mutum magani. Muka sallami ma'aikata, muka mayar da makullin ofis. Sanƙo ya tafi wani kamfanin sayar da sola, ya ce shi dai ya gaji da zama shugaban abin da babu shi.

Saura abu ɗaya ya rage, wato a kashe saba. Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, saba ita ce kwamfutar da ke zama a kunne ba dare ba rana tana amsa wa wayoyin mutane, kuma tamu ta haya ce, hayar kuwa ta fi ƙarfinmu. Ranar da zan kashe ta na buɗe shafin da ke nuna masu shiga, don in yi masa kallon ƙarshe. Ko'ina tsit, kamar ajin da aka tashi. Sai suna ɗaya tak, Kaka, da alamar kore a gabansa. Ta sha maganinta a safiyar ranar. Ta sha jiya, ta sha shekaranjiya, har iya inda na ja shafin baya.

Ban kashe ba. Na ce in duniya duka ta watse, wannan baiwar Allah ba za ta wayi gari ta ji wayarta shiru saboda ni ba. Na kwashe manhajar ɗungurungum daga sabar haya na ɗora wa marigayiya, na mayar da ita saba a tsufanta, ba tare da na nemi shawararta ba. Na ajiye ta a ƙarshen teburin cin abinci, kusa da soket, a kan bulo biyu don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Na sayo mata ɗan batirin ajiyar wuta saboda ɗaukewar lantarki. Na kafa doka a gidan cewa ba mai taɓa wannan kusurwar, yara suka koma cin abinci a matse a ɗaya gefen, wani lokaci a ƙasa. Sannan na sa mata wata 'yar ƙara, duk lokacin da Kaka ta danna, sai marigayiya ta ce tin. Kowace safiya ina zaune da kofin shayi ina jira, kuma ba na iya kurɓa sai na ji ta.

Ban taɓa ganin Kaka ba, ba ta bar lambar waya ba, amma na san ta fiye da maƙwabtana. Hawan jini ne da ita. Tana da tabarau mai igiya, jikanta ne ya saka mata manhajar kafin ya tafi karatu, kuma takan ajiye wayar a kan taga kusa da kwalbar magani. Duk wannan ni na ƙera mata shi a kaina, ina gyarawa ina ƙarawa. Idan aka tambaye ni a wurin taro yaya aiki, sai in gyara zama in ce muna nan muna hidima, har yanzu da mutane a kan manhajarmu. A ganina ban yi ƙarya ba, mutum ɗaya ma ai mutane ne in an yi masa adalci.

A nan ya kamata in ambaci ɗalibata, domin maganar ba za ta cika ba sai da ita. A kamfaninmu na farko ta fara, ni na koya mata aikin tun daga tushe, a kan madannan marigayiya ta rubuta layinta na farko. Yanzu ita ce shugabar sashen kwamfuta a wani babban kamfanin jigilar kaya da ke can ƙetaren gari. Suna da wata tsohuwar manhaja da ke tafiyar da rumbunan ajiyarsu, an rubuta ta da yaren kwamfutar da matasan yanzu ke toshe hanci in an ambata, kuma suna neman mai haƙurin da zai zauna da ita. Aikin albashi ne, da kati a wuya, da sa hannu safe da yamma. Ta kira ni ya fi sau nawa, ina ta kewaye-kewaye. Na ce mata ina da amana a hannuna, in na fita wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta tsaya, wa zai tayar da ita kafin lokacin maganin Kaka? A kira na ƙarshe ta saurare ni har na gama.

"Malam," ta ce, "ni ba taimakonka nake yi ba, mutum nake nema. Ranar Litinin za a zauna da masu neman gurbin. In ba ka zo ba, zan ba wani, kuma ba zan sake damunka ba."

Na ce zan yi tunani, irin amsar da masu zuba jari suka koya mini.

Gaskiyar magana, ba amanar Kaka kaɗai ta riƙe ni ba. Akwai kunya, a ce wanda aka kira shugaba sau uku ya je ya zauna a benci yana jiran wadda ya koya wa aiki ta kira sunansa. Akwai kuma tsoro, wanda ya fi kunyar nauyi. Na nemi aiki a wasu wurare a ɓoye. Wasu suka ce gogewata ta yi musu yawa. Wasu suka ce mai kafa kamfani ba ya zama, da ya ga ƙofa zai fice. A wani wuri wani da bai fi ƙanena na uku ba ya ba ni wasan ƙwaƙwalwa ya kunna agogo, na zauna ina zufa, abin da na sani sarai ya ƙi zuwa. Ga shi yanzu matasa magana kawai suke yi wa kwamfuta, ta zubo musu cikin ɗan lokaci abin da nakan yi mako ina sassaƙawa. Na fara tambayar kaina ko har yanzu ni ɗan wannan sana'a ne, ko kuwa ta wuce ta bar ni tsaye a bakin hanya. Duk ranar da tambayar ta shaƙe ni, sai gari ya waye marigayiya ta ce tin, in ce to, aƙalla akwai wadda nake yi wa amfani.

Uwar yarana malamar makaranta ce, kuma ita ta riƙe gidan nan tun rufe ofis, ba ta taɓa goranta mini ba. Ta ce ba rashin abin hannu ne ke damunta ba, ganina ne zaune daga safe har yamma na kasa kunne ga fanka kamar mai jinyar uwa. Sau ɗaya kawai haƙurinta ya ƙare, ranar da na hana a ɗaga teburin a share ƙarƙashinsa.

"Baban yara," ta ce, "wannan Kakar taka ba ta da jikoki ne sai kai?"

Na yi fushi na yini ban ci abinci ba, ita kuma ba ta roƙe ni ba.

Ciwon ajali ya fara ne da kumburin batir, har gaban marigayiya ya ɗago, madannai suka karkace. Daga nan maƙalar murfinta ta karye, na tallafe fuskarta da littattafai. Zazzaɓi ya biyo baya, jikinta ya riƙa zafi har ba ka iya ɗora tafin hannu. Kukan fankar nan da muka saba da shi ya sauya, fuuuuuu ta koma ƙir-ƙir-ƙir, da ɗan tsayawa a tsakani mai tsinka zuciya. Na kira mai gyara har gida, domin ba zan iya kashe ta in kai masa ba. Ya kasa kunne, ya shinshina, ya ce allon cikinta ne ya gaji, kuma an daina yin irinsa, abin da take buƙata hutu ne. Na gode masa, na raka shi ƙofa, na dawo na ɗauko fankar ɗakin yara na kafa mata.

Ranar Laraba ta ce tin a kan lokaci, kamar kullum. Na kurɓi shayi. Can da hantsi sai wasu layuka kore da ja suka keto fuskarta daga sama har ƙasa. Fanka ta ja wani dogon numfashi, ta ce ƙit, fuskar ta yi baƙi. Na danna, na cire caja na mayar, na busa, na kira ta da sunan ofis. A baƙin gilashin ba abin da na gani sai fuskata da furfurar da ban san ta kai haka ba.

Ban tsaya kuka ba, hankalina yana kan Kaka. Ina da kwafin komai a wani ɗan rumbun ajiya na waje, don haka na kira Sanƙo na roƙe shi aron kwamfuta. Ya ce sai gobe in ya tashi aiki. Safiyar Alhamis ita ce mafi muni da na gani a shekarun nan. Na zauna a gaban gawa, shayi ya huce, ina ganin tsohuwar nan tana duba waya a kan taga, tana jiran ƙarar da ba za ta zo ba, tana cewa ko yaran nan ma sun manta da ita.

Da la'asar Sanƙo ya iso da kwamfuta a hammata, ya yi mini gaisuwa yadda ya kamata, har ya shafa bayan marigayiya inda tambarinmu yake. Muna jiran kwafi ya gama shiga, sai na ba shi labarin Kaka, wanda ban taɓa ba shi ba, saboda na san zai ce in kashe abin in huta. Ya tambaye ni wace Kaka. Na ce wadda ta rage mana. Ya tambaya ko kullum a lokaci ɗaya take dannawa, na ce ko ƙiftawar ido ba ta saɓawa. Ya ce ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa tafiya ba, wayarta ba ta taɓa mutuwa ba? Na ce ai abin da ya sa nake girmama ta ke nan. Sai ya tuntsire da dariya har yana riƙe tebur. Da ya ɗago ya ga fuskata, ya daina dariyar.

"Abokina," ya ce, "ni na haifi Kaka. A kan wannan kwamfutar taka ma na haife ta."

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda ya warware mini. Safiyar da za mu fara nuna manhajar ga masu zuba jari, shafin masu shiga fayau yake, ba kowa, abin kunya. Tasa kwamfutar ta ƙi tashi, ni kuma na fita karɓo riga wurin mai guga. Sai ya zauna gaban marigayiya ya rubuta 'yan layuka, ya ƙirƙiri wata majinyaciya ta gwaji, ya sa mata suna Kaka don zuciyar masu kuɗi ta yi laushi, ya umarci kwamfutar ta riƙa shiga da sunanta kowace safiya tana danna "Na sha". Ya yi niyyar gogewa bayan taro, ya manta. Ya ce shi duk zatonsa ya gaya mini. Da ina kashe kwamfuta kamar sauran mutane, da Kaka ta yi fashi ko sau ɗaya na gane. To ban taɓa kashe ta ba.

Ban yarda nan take ba. Muka tayar da manhajar a kwamfutarsa, ban da 'yan layukan nan nasa, ya bar mini ita ta kwana. Safiyar Juma'a na zauna na jira har rana ta take. Ba wanda ya shiga, ba wanda ya kira ya yi ƙorafi, shafin yana nan fayau.

Ke nan tun ranar da na ɗora mata wannan kaya, marigayiya ita ke tuna wa kanta magani, ita ke amsa wa kanta, sannan ta yi ƙara don in ji. Kallo ɗaya ga inda saƙon ke fitowa ya isa ya nuna mini, kuma shi ne abin da nake fara koya wa sabon ma'aikaci. Ni da ba na yarda da layi ɗaya sai na bi shi har gindinsa, wannan kaɗai ne ban duba ba. Na yi fushi da Sanƙo na yammaci guda, ya wuce. Marigayiya kuwa ba ni da abin cewa a kanta sai alheri, abin da aka ce ta yi shi ta yi, da zazzaɓi a jikinta, har safiyar da ta cika. Wanda nake fushi da shi har yanzu yana nan yana danna wannan rubutu.

Da na gaya wa uwar yarana na shirya wa dariya, ko kuma "ai na faɗa". Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tashi ta ɗauke bulon nan biyu ta fitar waje, ta goge teburin, ta mayar wa yara fankarsu. Ranar muka ci abinci gaba ɗaya a kan tebur, kowa da wurin ajiye gwiwar hannu. Da na shiga ɗaki na tarar ta goge farar rigata ta rataye a bayan ƙofa.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, wadda ita ma jikin sai a hankali. Ta bar maus, wato linzaminta, da ya daɗe da daina danna dama, da jaka mai mataccen zif, da ɗan rumbun waje mai ɗauke da rubutun kamfani uku, tsaf, ba kuskure, ba mai nema. Ta bar yara da suka taso suna zaton kowane gida akwai kusurwar da ba a taɓawa. Ta bar Sanƙo, wanda tun ranar yake kirana safe da yamma yana tambayar lafiyata, abin da bai yi ba ko da aka rufe ofis. Ta kuma bar ni. Kaka tare suka tafi, ba za a yi mata sanarwa daban ba.

Ina roƙon masu zuwa gaisuwa alfarma. Kada a zo mini da sabuwar dabarar kamfani, ko da kuwa ta fi kowace kyau. Kada a ba ni labarin wani Bature da ya faɗi sau tara ya tashi a na goma, na san shi, ni ma na sha ba wasu labarinsa. Masu cewa in koma kiwon kaji, na gode, an riga ku. Zan faɗi abin da ke damuna da bakina don kada a yi ta zato. Ba yunwa nake tsoro ba, kuma kunyar zama a benci ta ragu tun ranar Juma'a. Abin da ya karya mini gwiwa shi ne na kwashe ƙuruciyata ina gina abubuwa, kuma yau in aka ce in nuna mutum ɗaya da aikina ya sauƙaƙa wa rayuwa, wadda zan nuna ta tabbata babu ita. Ban san da wace fuska zan zauna gaban masu tambaya in ce su ba ni amanar tasu manhajar ba. Ban ma san ko ina so ba.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da safe, a shagon mai gyara da ke ƙarƙashin matakalar bene a kasuwar waya. Shi zai kwance ta da hannunsa. Abin da ke da sauran lafiya a jikinta za a raba wa 'yan uwanta marasa lafiya, sauran kuma a sa a kwalin da ke bayan shago. Murfin kaɗai zan karɓa. Ba za a yi zaman makoki ba, domin daga can mai gawa zai hau mota zuwa ƙetaren gari, inda ɗalibarsa ke zama da masu neman aiki, in ƙafarsa ta yarda ta kai shi.

Ana gayyatar kowa, amma akwai gayyata ta musamman. Duk wanda ya taɓa aika kaya da manhajarmu ya isa lafiya, ko ɗansa ya koyi ko da jimla ɗaya a darasinmu, ko ya sha magani a kan lokaci saboda wayarsa ta yi ƙara, in dai mutum ne mai jini a jika, don Allah ya daure ya zo. Ba sai ya kawo komai ba, ba sai ya yi magana ba ma. Zan tsaya a bakin shagon da farar riga har rana ta ɗaga. Ina so in ga fuskarsa kafin in hau motar.